Ramin da Miyon Ya Bari

Duk wanda ya ratsa kasuwar garinmu ya ga mutum-mutumin Adrastos. Yana nan tsaye kusa da rumfar masu kifi, ya miƙo hannu ɗaya kamar zai ba ka wani abu, mutumin da ko ɓaure bai taɓa ba kowa ba sai da dalili. A jikin dutsen da ke ƙarƙashin ƙafarsa akwai sunaye arba'in da ɗaya, sai kuma wani rami a layi na uku, wanda dunƙulen hannu zai shiga ya ɓace. Baƙi sukan tambaya me ya ci dutsen haka, masu kifi su ce tsawa ce. Ƙarya suke yi. Ni Damas ɗan Zenon ni na sassaƙa sunayen nan da hannuna, kuma ina tsaye aka yi ramin. Wurin sunan Miyon ne.

A bisa tudun da ake fasa farin dutse aka haifi Miyon, bawa ɗan bayi, mallakar gidan su Adrastos. Ubansa Tibiyos mai tsaga dutse ne. Wata rana igiya ta tsinke ana saukar da wani ƙaton dutse, ya bi ta kansa, aka kwashe abin da ya rage aka turbuɗe a gefen hanya, aka ci gaba da aiki kafin rana ta take. Miyon ya tashi a nan cikin ƙura, kuma ba wanda ya zaunar da shi ya koya masa komai. Da ido ya sata. Kafin ya yi gemu, idan ya ƙwanƙwasa dutse da guduma ya kara kunne, zai gaya maka inda tsaga take a ciki, kuma in ka yi gardama ka sha kunya. Da tsohon maigidansu, uban Adrastos, ya ga mutuwa ta matso, Miyon ne ya sassaƙa masa akwatin kabari, da rassan inabi da tsuntsaye a jiki. Tsoho ya gani ya yi hawaye, ya 'yanta shi. Yana da shekara talatin ya sauko gari da gudumarsa a kafaɗa.

Kada ku ɗauka mutum ne mai daɗin zama. Gajere ne, faɗin kafaɗa kamar ƙofa, babban yatsansa na hagu ya baje saboda duka, idonsa ɗaya tsakuwa ta lalata. Ɗanyar albasa yake ci da burodin sha'ir safe da rana, in ya matso zai yi maka magana sai ka kau da kai. Ga baƙar magana. Shekara talatin yana kiran rubutuna sawun kaji.

"Damas, yau kuma wace kaza ce ta bi ta kan dutsen mutane?"

"Wadda ta fi ka iya karatu," in ce masa.

Sai ya yi wannan dariyar tasa da ke ƙarewa da tari. Bai iya karatu ba, gaskiya ne. Amma in ya sassaƙa maka ninkin riga a dutse, sai ka ji kamar ka kai hannu ka gyara shi.

Lokacin da ya shiga ƙungiyarmu ta masassaƙan dutse, ba wanda ya tambaye shi ɗan waye. Tsofaffinmu suka miƙa masa dutse da kurfi, ƙarfen da muke sassaƙa da shi, suka ce yi mu gani. Ya yi, suka gani, aka ba shi ƙoƙon ruwan inabi, shi ke nan. Ƙungiyar a lokacin ba wata tsiya take da ita ba: ɗaki ɗaya da muke cin abinci tare a farkon wata, da maƙabartarmu a bayan ƙofar yamma. Amma maƙabartar nan ita ce komai. In ɗanmu ya mutu, mu muke ɗaukarsa a kafaɗa. Kowace shekara kuma, ranar wardi, mukan fita gaba ɗaya da furanni, shugaba ya tsaya ya kira sunan kowane mamaci, mu amsa da "Namu ne", a ɗora masa wardi. Wanda ke da 'ya'ya ba ya jin nauyin abin sosai. Miyon da matarsa Sotira sun haifi biyu, zazzaɓi ya kwashe su a damina ɗaya. Ba shi da wanda zai kira sunansa bayan ransa sai mu.

Ya kuwa san haka. Shekara talatin da ɗaya ba a ɗauki gawa ba sai da kafaɗarsa a gaba ta hagu. Har wurin da yake so a sa shi ya nuna mana, can kusa da katanga inda inuwa ke sauka da la'asar. Dutsen kabarinsa ma ya riga ya fafe ya goge, ya ajiye a tsakar gida, Sotira tana shanya ɓaure a kai.

Abin ya lalace ne daga gidan kallo. Kowace sana'a da wurin zamanta, an rubuta a jikin bencin. Manyan gari a ƙasa, sai masu zinariya, sai masu rini da masaƙa a ɓangaren inuwa. Mu kuma, mu da muka sare bencinan nan ɗaya bayan ɗaya muka jera su, muna can ƙololuwa a ɓangaren rana, tare da masu wankin fata. Daga can ba ka jin abin da ake faɗa, sai dai ka ga mutane suna dariya kai ma ka buɗe baki. Abin yana cin ranmu, ni ma yana cin nawa, ba zan yi muku ƙarya ba.

Sai muka yi sabon shugaba, Kaliyas. Ɗan masassaƙi ne, amma rabonsa da guduma tun kafin a haifi 'yarsa ta fari. Karɓo aiki yake yi ya raba mana, hannu duk zobba, yana tafe yana ƙamshin man shafawa kamar amarya. Shi ya kawo maganar cewa in muka yi wa Adrastos, babban attajirin garin, mutum-mutumi a kasuwa, da sunayenmu duka a ƙasa, zai tsaya mana a majalisar gari a saukar da mu inuwa, har a riƙa rubuta mu "ƙungiya mai alfarma" kamar masu rini. Adrastos a lokacin ya samu izinin zama ɗan ƙasar Rum, ya ƙara wa kansa sunaye biyu a gaba, ranar biki yakan naɗe a cikin mayafin Rumawa yana tafiya yana tuntuɓe. Muka ce mun yarda. Wa zai sassaƙa? Ba a ma yi shawara ba, kowa ya juya ya dubi Miyon.

Wata goma sha ɗaya ya yi a kan dutsen nan. Tarin ƙura ya riga ya kama shi, irin wanda ke kashe mu duka in mun daɗe. Yakan tsaya ya dafa bango ya yi ta tari har ya durƙusa, ya tofar, ya take da ƙafa don kada mu ga launin, ya koma ya ɗauki kurfi. Ya rage wa Adrastos tumbi, ya ƙara masa wuya, ya ba shi idon mai tausayi. Na ce masa, "Kai Miyon, wannan ai ba shi ba ne." Ya ce, "In na yi shi yadda yake, kifin kasuwa ba zai sayu ba."

Da aka gama, Adrastos ya zo gani da mutanensa. Ya zagaya sau biyu yana murmushi, ya shafa haɓar dutsen, ya shafa tasa.

"Kaliyas, hannun wa ne wannan?"

"Miyon ne, ranka ya daɗe. Ga shi nan."

Ko juyowa bai yi ba. "Af, yaron gidanmu. Ai na san horonmu ne." Yaro! Mutumin da ya haura sittin, da furfura har a gira. Sannan ya ja Kaliyas gefe, amma bai rage murya ba, don me zai rage? Ya ce gwamna zai zo daga birnin Afisa ranar buɗewa, kuma zai karanta sunayen. "Kowane suna da sunan uba, yadda 'ya'yan gari ke rubutawa. Ba na so a koma a ce bayin gidanmu ne suka taru suka karrama ni."

Kun san dokar. Wanda aka haifa bawa ba shi da uba a rubuce, ko da uban nasa na tsaye a gabansa. A cikinmu duka Miyon kaɗai abin ya shafa.

A cin abincin farkon wata Kaliyas ya tashi ya gyara murya. Ya yi ta kewaye-kewaye, daga baya ya fito da ita: majalisa ta ce sunayen da ke jikin dutsen su za ta ɗauka a matsayin 'yan ƙungiya, su ke da benci, su ke da maƙabarta. Wanda ba ya ciki zai ci gaba da aiki da mu, zai ci abinci da mu, amma a matsayin ɗan taya aiki.

Miyon ya ajiye albasarsa.

"Kaliyas, ka ce maƙabarta?"

"Baba Miyon, ba ni na yi dokar ba. Kowa ya san darajarka a nan."

"Bar darajar, tambayarka na yi. Ranar da ubanka ya mutu, wa ya ɗauki gabansa ta hagu?"

"Kai ne."

"Nauyi gare shi, uban naka. Kuma ana ruwa. Kai kana baya an riƙa maka mayafi kada ka jiƙe." Ya juya ya bi mu da idonsa mai gani, ɗaya-ɗaya. "Akwai wanda ban ɗauki nasa ba a ɗakin nan? Ya tashi in gan shi."

Ba wanda ya motsa. Wani daga baya ya ce ƙasa-ƙasa, "Mutum ɗaya zai hana arba'in inuwa?" Kaliyas ya yi wuf ya ce a ɗaga hannu. Hannuwa suka tashi, wasu da sauri, wasu a sanyaye kamar masu kora ƙuda. Ni ban ɗaga ba. Da aka ce waɗanda ba su yarda ba, nan ma ban ɗaga ba. Na riƙe ƙoƙona da hannu biyu ina kallon cikinsa. Tir da ni. Na daɗe ina gaya wa kaina cewa ban zaɓi a kore shi ba, kamar wannan wani abin kirki ne.

Washegari da rana na tafi gidansa. Na tarar da shi zaune a bakin dutsen kabarinsa, Sotira tana juya ɓaure. Na zo da dabara, ina ta jin daɗin kaina. Na ce zan je gaban majalisa in rantse cewa ubana Zenon ya ɗauke shi ɗa kafin ya mutu. Zenon ba ya nan balle ya musa. A rubuta Miyon ɗan Zenon, kowa ya huta.

Sotira ta ɗago da sauri. "Maigida, ka ji Damas. Ka karɓa."

Ya juyo ya dube ni. "Ubanka mutumin kirki ne, Damas. Amma ina da uba."

"Na sani, yaya. A dutse kawai za a sa."

"A dutse kawai! Kai da bakinka, mai rubutu a dutse? Tibiyos ya tsaga rabin duwatsun da garin nan ke taƙama da su, aka turbuɗe shi kamar jaki. Yanzu ni ma in zo in ƙara masa ƙasa, don in samu inuwa da wardi? In za ka rubuta, rubuta Miyon ɗan Tibiyos. In ba za ka iya ba, tafi da sawun kajinka."

Sotira ta fashe da kuka tana ce masa taurin kansa zai bar shi a gefen hanya. Ya ce mata ta kula da ɓaurenta, tsuntsaye na ci.

Na fita zuciyata na tafasa, ban ma san da wa nake fushi ba. Ana jera sunaye ne bisa daɗewa a ƙungiya, Miyon shi ne na uku. Da na iso layi na uku na tsaya, na wasa kurfina, na rubuta MIYON ƊAN TIBIYOS. Ban taɓa yin rubutu mai kyan wannan ba, kuma ban sake ba. Na rufe da tsumma kamar yadda muke rufe sabon aiki, na ci gaba da sauran. Aka kai dutsen kasuwa, aka ɗora mutum-mutumin a kai, aka zuba darma aka kafe ƙafafun. Ina ta fatan in an riga an kafe, dole su haƙura.

Saura kwana uku gwamna ya iso Kaliyas ya yaye tsumman. Hantsi ne, kasuwa cike. Ya karanta, fuskarsa ta canza, ya aika a kira ni, a kira duk wanda ke kusa.

"Damas, hauka kake? Tibiyos wane ne? Bawa ne! So kake ka kashe mu a gaban gwamna?"

"Uban mutum ne," na ce.

"Kankare shi yanzun nan. Sama-sama, ka goge wurin ya yi sumul. Mijin 'yata ya shigo ƙungiya watan jiya, sunansa zai zauna daidai a nan."

Haka ake yi, kowa a sana'armu ya sani. In za a cire suna, kaurin farce kawai ake ɗebewa, a goge da yashi, a rubuta wani a kai, bayan shekara ba mai ganewa. Na ce ba zan yi ba. Kaliyas ya matso har ina jin ƙamshin man nasa, ya ce to akwai wani suna a layi na tara da shi ma zai kankaru, kuma 'ya'yana biyu su nemi wata sana'ar. Layi na tara nawa ne. Na dubi mutanenmu, kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Na sunkuya na ɗauki kurfi. E, na ɗauka. Na ɗora bakinsa a kan harafin farko.

Sai na ji warin albasa a bayana.

"Ba ni nan. Hannunka na rawa, za ka ɓata wa mutane dutse."

Ban san wa ya gaya masa ba. Ya karɓi gudumar, amma ya ture kurfina mai faɗin baki, ya zaro nasa mai tsini daga ɗamara, irin wanda ake fasa dutse da shi a kan tudu. Ya sa yatsa ya bi haruffan a hankali.

"Wanne ne Tibiyos?"

Na nuna masa. Ya shafa shi sau biyu. "Ba laifi," ya ce. "Kazar ta yi ƙoƙari."

Sannan ya kafa tsinin ya sauke guduma. Dukan farko ma gutsuren da ya fita ya kai rabin tafin hannu. Kaliyas ya yi ihu, "Sama-sama na ce! Ku riƙe shi!" Wa zai riƙe shi? Tsoho ne mai tari, amma guduma ce a hannunsa, kuma idon nan nasa ɗaya ya yi ja. Ya yi ta duka, yana tari yana duka, masu kifi suka bar kifinsu suka kewaye mu. Bai taɓa layi na biyu ba, bai taɓa na huɗu ba, ko ƙwarzane. Ya san dutsen nan kamar cikin bakinsa. Ya yi ta shiga ciki har sai da hannunsa ya nutse zuwa wuyan hannu, sannan ya busa ƙurar ya miƙe.

"To, Kaliyas. Rubuta surukinka."

Ba yadda za a yi da rami irin wannan. In an cike da kwaɓin farar ƙasa zai fito fili kamar tabo a goshi, sauya dutsen kuma sai an karya ƙafafun Adrastos. Haka gwamna ya zo ya same shi, an rataya wani kambin ganye a wurin. Bai ma karanta ko suna ɗaya ba. Ya tsaya ya yi hamma, ya ce aikin ya yi kyau, ya tafi cin abinci.

Miyon bai ga ƙarshen sanyin shekarar ba. Na je wurin Kaliyas na roƙe shi ya bari a binne shi a maƙabartarmu, har na durƙusa, abin da ban taɓa yi wa mutum ba. Ya ce da Miyon bai yi abin da ya yi a kasuwa ba, da an duba. Ƙarya yake, da ma ba za a duba ba. Mu huɗu muka ɗauke shi, biyu ma maƙwabta ne masu yin tukwane. Na ɗauki gaba ta hagu. Ba shi da nauyi ko kaɗan, tarin ya cinye shi. Muka hau da shi tudu muka sa shi a gefen hanya, kusa da inda yake jin an turbuɗe ubansa, na rubuta sunansa cikakke a dutsen ɓauren nan. Cikin shekara huɗu tarkacen da masu fasa dutse ke zubarwa ya binne wurin. Yau ko ni ba zan iya nuna muku shi ba.

Ranar wardi ta farko bayan mutuwarsa, muna can ƙofar yamma Kaliyas yana kiran matattu muna amsa "Namu ne", Sotira ta tafi kasuwa ita kaɗai ta cusa wardi uku a cikin ramin dutsen. Haka ta riƙa yi kowace shekara. Mutanen gidan Adrastos suka gani, suka ɗauka wata tsohuwa ce ke ƙaunar maigidansu, har suka aika mata da tulun man zaitun. Ta mayar musu da shi ko buɗewa ba ta yi ba, suka ce kunya ce irin ta talakawa.

Shekara tara ke nan da Sotira ta bi mijinta. Adrastos ma ya mutu. Amma 'ya'yansa sun ce al'adar ta yi kyau kada a bari ta mutu, don haka duk ranar wardi sukan aiko baiwa da furanni daga lambunsu. Bana na tsaya na jira ta. Yarinya ce, da alama a kan tudun nan aka haife ta, na ga farar ƙura a tsagar ƙafarta. Ta cusa furannin da kyau, ta gyara su. Na ce mata, "'Yata, kin san na wane ne wardin nan?"

Ta dube ni tana mamakin tambayar. "Na maigida ne mana, baba."

Na buɗe baki, sai na hango jikan Kaliyas yana tahowa, shi ne shugabanmu yanzu, kuma jikokina biyu a ƙarƙashinsa suke aiki. Na ce mata ta gaida gida.

Da la'asar aka yi wasa a gidan kallo. Na je na zauna a wurina, layi na shida daga ƙasa, a ɓangaren inuwa. Ana jin komai daga nan.